Saniyata ta haifi tagwaye mace da namiji, mabiyiya ta ƙi fita kuma nono bai isarsu, ina mafita?

Sani_Giwa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, dan Allah masu kiwon shanu da likitocin dabbobi ku taimaka min da shawara. Ina da 'yan shanu a bayan gida nan wajen Giwa, ba wani garke ba ne na a zo a gani, iyaye mata huɗu ne da 'yan maruƙansu, ni da yarana muke ɗawainiyarsu. Akwai ɗaya ruwa biyu ce, uwarta Bunaji ubanta Firishiyan irin shanun madarar turawa, wannan ce haihuwarta ta uku, biyun baya duk da kanta ta haihu da safe kawai muka tarar da maraƙi a tsaye yana tsotso. To wannan karon tun cikin yana wata bakwai na ga ya yi girman da ya wuce misali, ita kuma sai ramewa take ƙashin ƙugu duk a waje alhali dusa da harawa ba su yanke mata ba, kuma a lissafina da sauran kwanaki kafin lokacinta sai ga naƙuda shekaranjiya da daddare bayan isha'i.

Na farko ya zo lafiya lau, ƙafafun gaba biyu hanci a kansu, namiji, ta miƙe ta hau lasarsa. Can sai ta koma ta kwanta tana yunƙuri, aka jima ba abin da ya fito sai nishi, da na haska tocila sai na ga kofato biyu amma tafinsu sama yake kallo. Na aika yaro ya taso wani dattijo bafulatani maƙwabcinmu, Allah ya saka masa da alheri, ya wanke hannu ya shafa man gyaɗa ya zura ya ce ai ɗa na biyu ne kuma da baya ya taho. Ya ɗaura igiya a ƙafafun muka ja ni da shi, in ta yi yunƙuri mu ja in ta huta mu ma mu dakata, da ƙugu ya fito ya ce yanzu kam kar a tsaya a ƙarasa da sauri. Ta faɗo kamar ba rai, mace ce 'yar ƙarama, hanci cike da majina, ya share mata da hannu ya soka mata tsinken ciyawa a hanci sai da ta yi atishawa ta girgiza kai, muka goge ta da buhu.

Yanzu ga inda nake. Mabiyiya har yanzu tana reto a bayan uwar ta fara wari, kuma cin abincinta ya ragu. Namijin ya yi ƙarfi shi ke kame hantsa, macen in ta lallaɓa ta zo sai ya ture ta, uwar ma ba ta cika kula ta ba. Wani ya ce in ɗaura wa mabiyiyar dutse nauyin zai janyo ta, wani ya ce in dama wa macen koko in ɗura mata. Sannan dattijon ya ce min macen da aka haifa tare da namiji ba ta haihuwa, juya ce tun daga ciki, wai in samu mai saye in rabu da ita kar in yi wahalar banza. Wlh hankalina bai kwanta da sayar da ita ba bayan irin wahalar da aka sha kafin ta yi numfashi. Da gaske ne zancen juyar? Kuma in bar su duka a jikin uwar ko in cire ɗaya?

Jauro_Lere ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Sani, barka da arziki Allah ya raya. Tagwaye a shanu ba kullum ba, ni a rugarmu na tashi kuma tun tasowata sau ƙalilan na gani a fararen shanunmu, a masu jinin turawan nan ne ake ɗan yawan ji. Maganar baba maƙwabcin naka a kan juya gaskiya ce, mu ma haka muka ji daga iyayenmu kuma haka muka gani, in mace da mace ne ba komai duk suna haihuwa, in an haɗo da namiji ne macen take zama juya, za ka ga ta girma ta yi wuya irin na sa amma ba ta neman bijimi.

Batun nono kuma abu na farko ku haƙura da tatsar saniyar nan gaba ɗaya, ko na shayin yara kar a ɗiba, na 'ya'yanta ne. Ka ɗaure namijin a dangwali, safe da rana da yamma ka fara kawo macen ita kaɗai ka riƙe ta a hantsa ta sha ta ƙoshi sannan a saki ɗan'uwanta, shi ko ragowa ya samu zai ja abinsa da ƙarfi. In uwar na harbinta ka yi mata dabaibayi ka ajiye mata dusa a gaba, ka barbaɗa wa 'yar gishiri kaɗan a gadon baya, garin lasar gishirin za ta saba da ita. Idan kuma cikin sauran shanunka akwai mai jego da ke da nono to ka raba mata nauyin, a saki nata ɗan ya fara tsotso nono ya sauko sai a saƙa namijin nan ta ɗaya gefen, shanunmu dai ka sani ba sa sakin nono sai sun ga ɗansu. Mabiyiya mu a ruga mai hannu ne yake bi a hankali yana murzawa yana ja har ta fito, amma dutse kam a'a.

Dr_Aminu_vet ya rubuta:

Malam Sani barka, Allah ya raya su. Zan fara da uwar don ita ce a kan gaba yanzu, in ta kwanta duka ukun ka rasa. Mabiyiyar saniya in ta wuce awa 24 ba ta fita ba to ta maƙale ke nan, kuma bayan haihuwar tagwaye wannan abu ne da muke gani sosai, haka in haihuwa ta zo kafin lokaci ko an sha wuya. Dutse kar ka soma. Ja da hannun ma Jauro ka yi haƙuri a nan na saɓa maka, na san ana yi kuma wani lokaci a dace, amma mabiyiyar saniya ba shimfiɗe take ba, manne take da mahaifa a wurare da yawa kamar maɓallan riga, in aka ja wasu su ɓalle wasu su yage su bar guntaye a ciki da rauni, daga nan sai ruɓa da zazzaɓi, saniyar ta daɗe ba ta sake ɗaukar ciki ba. Abin da za ka yi, ka sa safar hannu ko leda mai kauri ka yanke wadda ke reto don kar ta riƙa jan ƙasa da kashi tana taka ta, ka wanke bayan da ruwan ɗumi, ragowar takan saki da kanta cikin mako guda zuwa kwana goma. Wari shi kaɗai ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne zazzaɓi da ƙin cin abinci, kuma ka ce cin ta ya ragu, don haka yau ɗin nan ka sayi tamomita a kemis ka auna ta dubura, lafiyayyar saniya 38 zuwa 39 da ɗan ɗoriya take, in ta haura 39.5 ka kira likitan dabbobi ya zo ya yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta, kuma ka tambaye shi kwana nawa za a yi mutane ba su sha nononta ba. Tunda tana da jinin Firishiyan ka sa ido kuma, in ka ga tana tangaɗi, kunnuwa sun yi sanyi, ta kwanta ta lanƙwasa wuya gefe ta kasa tashi, ƙarancin kalsiyam ne, wannan ba a kwana da shi, ruwan kalsiyam ake sa mata ta jijiya a hankali kuma aikin likita ne don in aka tura da sauri yana tsayar da zuciya.

Wani abu da mutane ke wasa da shi, bakkale. Cutar nan tana sa ɓari a ƙarshen ciki da maƙalewar mabiyiya da kumburin gwiwa, kuma tana kama mutum ta hanyar taɓa ruwan haihuwa da shan ɗanyen nono, mutum ya yi ta zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi ana ta ba shi maganin maleriya. Ba na ce ita ce a taka ba, tagwaye kaɗai sun isa dalili, amma abin da ka yanke ka binne shi da zurfi inda kare ba zai tono ba, yara kar su taɓa, nonon gida kuma a riƙa tafasawa. In likitan ya zo ka roƙe shi ya ɗebi jininta a gwada, ku da kuke kusa da Zariya ga asibitin dabbobi na ABU ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika, ba ku da nisa da masana.

Sai macen. Tambayata ita ce ta samu dakashi a daren da aka haife ta ko kuwa? Maraƙi ba ya zuwa duniya da garkuwar jiki daga uwa, a dakashi yake samu, kuma hanjinsa awannin farko ne yake iya ɗaukar wannan garkuwar, awa shida na farko su ne gwal, bayan awa 24 ƙofar ta rufe. In ba ta samu sosai ba to ba abin da zai dawo da wannan lokacin, sai dai ka tsare ta da tsafta fiye da ɗan'uwanta. Ka tsoma cibiyarsu duka biyu a aidin, ka riƙa taɓawa kullum, in ta kumbura ko ta yi zafi ko gwiwa ta fara kumbura ka yi magana da wuri. Kuma tunda da baya ta fito mai yiwuwa ta shaƙi ruwa, dalilin da ya sa baba ya ce a yi sauri ke nan don da ƙugu ya fito igiyar cibiya ta matse kai kuma yana ciki, to ka saurari numfashinta, tari ko haki ko majina mai kauri alamar ciwon huhu ne.

Zancen juya baba da Jauro sun yi gaskiya, cikin goma fiye da tara haka suke. Dalili shi ne tun cikin yana ɗan wata guda da 'yan kwanaki jijiyoyin jinin mabiyiyar tagwayen suke haɗewa jininsu ya gauraya, sinadaran namijin su shiga jikin macen su hana mahaifarta da ƙwayayenta girma. Amma akwai 'yan kaɗan da ke tsira in jijiyoyin ba su haɗu ba, kuma ana iya dubawa tun tana ƙarama, likita zai auna zurfin farjinta da wani ɗan bututu mai tsafta, lafiyayyar maraƙa takan kai santimita 13 zuwa 15, juyar kuma ba ta wuce 5 zuwa 8. Kar ka gwada da kanka. Namijin shi galibi ba abin da ke samunsa.

Maman_Sadiq ta rubuta:

Sannu Malam Sani, Allah ya ba uwar lafiya. Ni shanun madara nake kiwo a gefen Kano kuma na raini maruƙa da kwalba ba ɗaya ba biyu ba, dan Allah dan Annabi kar ka ba 'yar nan koko, cikin jaririn maraƙi bai san hatsi ba, nono kaɗai yake narkarwa a makonnin farko, koko zawo zai sa ta kuma zawo shi ke kashe irin waɗannan ƙananan. Ɗura ma kar a yi, in aka ɗaga kai aka kwarara sai ya bi ta huhu. In dabarar Jauro ta riƙe ta a hantsa ta yi to alhamdulillahi ita ta fi, in kuma ba ta da ƙarfin ja to ka tatsi uwar ko wata saniyar ka zuba a fida, ko ta yara ma tana yi in ka ɗan ƙara hudar, ka sa mata yatsa a baki tukuna in ta fara tsotsa sai ka zare yatsan ka maye da kan fidar, tana tsaye ko tana kwance a kan ƙirjinta, ban da kwanciyar gefe. Nonon ya zama da ɗumin jiki, ki ɗiga, au ka ɗiga a bayan hannunka ka ji. Lissafin da muke yi kashi ɗaya cikin goma na nauyinta a wuni, wato in kilo 15 ce lita ɗaya da rabi, a raba sau uku ko huɗu tunda cikin ƙarami ne, tana girma kana ƙarawa. Kowane shayarwa a wanke fidar da ruwan zafi a kife ta, nonon da ya kwana a kan roba shi ne mafarin ciwo. In nonon shanunka ya gaza akwai madarar maruƙa ta gari a shagunan magungunan dabbobi, a dama yadda aka rubuta a jikin buhun kar a tsinka don ta yi auki.

Kuma hunturun nan fa, 'yar ƙarama irin wannan ba ta da kitsen da zai riƙe mata ɗumi, ka kewaye musu lungu da zana ta gefen da iska ke kaɗowa ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kauri, ni har buhu nake hudawa in sa musu da daddare in cire in rana ta fito. In zawo ya zo kar ka yanke mata nono, ka ƙara mata ORS tsakanin shayarwa, wanda ake sayarwa a kemis, ban da sukarin shayi don shi ma ba sa narkar da shi. Ka ja fatar wuyanta ka saki, in ta tsaya ba ta koma ba ko ido ya faɗa to ruwa ya ƙare a jiki sai likita.

Maganar sayarwa kuma ni ban goyi baya ba ko da juyar ce. Yanzu wa zai saye ta da daraja, kuma duk wanda ya ɗauke ta daga jikin uwa a wannan halin mutuwa za ta yi a hannunsa. Juya ai ba asara ba ce, ba ciki ba shayarwa duk abin da ta ci jiki yake tafiya, ka yi kiwonta na turke in ta kai ka kai ta kasuwa ko ka yi layya da ita. Kawai dai kar ka zauna shekara uku kana jiran ta ɗauki ciki, shi ne amfanin awon da Dokta ya faɗa.

Sani_Giwa ya rubuta:

Na gode ƙwarai Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Dokta na auna ta kai 40, na kira likita ya zo ya yi mata allura ya ɗebi jini, shi ma ya ce kar a ja, yau da safe ta ci harawa ta sha ruwan dusa. Dakashi kuwa baba ya tatsa a ƙwarya a daren ya riƙa sa mata da yatsa tana tsotsa kaɗan kaɗan, ban san ko ya isa ba amma ta samu. Jauro dabarar dangwalin ta yi aiki, gishirin ma, jiya na ga uwar tana lasarta. Hajiya na sayo fidar ina ƙara mata da rana da nonon wata Bunajin, kuma na fasa sayarwa. Abin da ya rage min, yaushe zan bari a sake yi wa uwar barbara, kuma tunda ta fara tagwaye haka za ta ci gaba? Don gaskiya daren nan da baba ba ya gida ban san yadda za mu ƙare ba.

Dr_Aminu_vet ya rubuta:

Madalla, a ƙarasa alluran yadda ya tsara ko da ta warware. Barbara kar ka yi gaggawa, aƙalla wata biyu, kuma sai ruwan da ke fita ya tsaya ta daina wari ta mayar da jiki, wadda ta yi tagwaye ga maƙalewar mabiyiya takan ɗan jinkirta kafin ta nemi bijimi. Ciyar da biyu a rani ba wasa ba ne, dusa da harawa kaɗai ba za su riƙe ta ba, ka haɗa mata da ƙuliƙulin anguryar auduga kana ƙarawa sannu sannu ba lokaci ɗaya ba, ga dutsen lasa ga ruwa a gabanta kullum. Maruƙan kuma daga mako na biyu ka ajiye musu ruwa mai tsafta da 'yar dusa mai laushi da harawa mai ganye su riƙa taɓawa, shi ke buɗe musu tumbi su rage dogaro da ita.

Eh wadda ta taɓa yin tagwaye ta fi sauran yiwuwar maimaitawa, balle mai jinin shanun madara da ta fara manyanta, amma ba dole ba ne. Ka rubuta ranar barbara, cikin saniya wajen kwana 283 ne, tagwaye kan riga lokaci da mako guda ko fiye, in ciki ya yi wata biyu ka sa a duba ta da na'urar sikanin in akwai a kusa. Ka tanadi igiya mai laushi guda biyu, safar hannu doguwa, aidin da man santsi tun kafin lokaci. In faya ta fashe saniya tana yunƙuri sosai rabin awa zuwa awa ɗaya ba ci gaba, a wanke hannu a duba. Tafin kofato ƙasa yawanci ƙafar gaba ce, sama kuma ta baya, amma a tabbatar da gaɓoɓi, ƙafar gaba gaɓoɓi biyun farko gefe ɗaya suke lanƙwashewa, ta baya kuma ɗaya nan ɗaya can. A tagwaye babban haɗarin shi ne a kama ƙafar wannan da ƙafar wancan a ja su tare su cushe a ƙugu, don haka kafin a ɗaura igiya a bi kowace ƙafa da hannu har kafaɗa ko cinya a tabbatar jiki ɗaya suka haɗu, ɗayan kuma a tura shi baya a hankali lokacin da ta huta da yunƙuri. Igiya a sama da gaɓar kofato ake ɗaurawa a sake zagayawa a ƙasanta don kar ƙashi ya karye. Ƙarfin mutum biyu shi ne iyaka, na sha ganin wadda aka ja da babur, ɗan ya mutu uwar ta shanye ta baya. Allurar naƙuda kuma da ake saya a kasuwa a caka wa saniya ba a duba kwanciyar ɗan ba tana iya fasa mahaifa. In wutsiya kaɗai aka taɓa ba ƙafafu, ko kai ya juya baya an yi minti ashirin an kasa gyarawa, a bari a kira likita tun uwar na da ƙarfi don ko tiyata ce an fi samun nasara a lokacin. Kuma duk saniyar da ta haifi ɗa ƙarami alhali cikinta babba ne a zura hannu a duba ko da saura.

Jauro_Lere ya rubuta:

Dokta na karɓi gyara a kan jan mabiyiyar, zan faɗa wa mutanenmu. Malam Sani ka ci gaba da raba su a dangwali har macen ta iya ture shi da kanta, kuma kar ka sake su kiwo da uwar tukuna, ta fita kusa kusa ta dawo da rana ta shayar, tafiya mai nisa a ranin nan ƙafe mata nono za ta yi. In an yi awon macen ka dawo ka faɗa mana abin da aka gani.